Yadda Za Ka Fitar da Akwatin Bindigar Babanka Daga Ɗakin 'Yarka Kafin Asabar

Idan ka bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya, na yi maka alkawari akwatin zai bar inda yake. Ban ce zai isa inda kake so ba, amma zai motsa, kuma duk wanda ya taɓa jingina da irin akwatin da nake nufi ya san wannan ba ƙaramin alkawari ba ne. Sunana Stoffel Labuschagne, shekarata sittin da uku, ina noman masara da kiwon tumaki a gabashin Clocolan. Sau ɗaya tak na yi wannan aiki, kuma sau ɗayan ya isa mutum ya zama gwani, domin ban san wanda ya yi sau biyu bayansa na nan lafiya ba.

Mataki na ɗaya: Ka jira sai an ƙure ka

Kada ka taɓa akwatin don kawai matarka na roƙo. Tawa, Hettie, ta yi shekara ashirin tana cewa a fitar da shi daga ƙaramin ɗakin da 'yarmu ta girma a ciki, ni kuma na yi shekara ashirin ina cewa bayan girbi. Girbi abokin namiji ne, kowace shekara akwai wani.

Ka jira sai wanda ba ka iya ce wa bayan girbi ya yi magana. Ni 'yata ce, Elsabe. Shekara huɗu rabon da ta kwana a gonar nan, tun ranar da na faɗi wata magana a kan mijinta, ɗan birni da ba ya cin nama. Maganar gaskiya ce, amma bai kamata in faɗe ta a kan tebur yana zaune ba. Yanzu tana da ɗa mai wata bakwai, Tiaan, wanda ban taɓa gani ba sai a waya, yana ƙoƙarin cinye wayar. Ranar wata Talata a watan Disamba ta kira daga Cape Town ta ce za su zo Kirsimeti, ranar Asabar za su iso. Kafin in gama murna ta ɗora sharaɗi, da irin maganarmu da ba a ce wa uba kai, sai dai Pa.

"Pa ya saurare ni da kyau. Tiaan ba zai kwana ɗaki ɗaya da bindiga ba. Ni na kwana, na san yadda yake. In Pa bai fitar da akwatin nan ba, masauki za mu kama a cikin gari, mu zo mu ci abincin rana mu koma."

Ɗayan ɗakin da za mu iya ba su ƙanƙara ta huda rufinsa tun watan Oktoba, shi ma yana jiran bayan girbi. Na ce mata ta ɗauka an gama. Da na ajiye wayar gabana ya faɗi, domin na san Elsabe, halina ta ɗauko: in ta sauka a gari wannan karon, ba za ta sake gwadawa ba.

Mataki na biyu: Kada ka kira masu aikin

Akwai mutanen da wannan ne sana'arsu. Suna da amalanke na musamman da igiyoyi, suna zuwa su huɗu da riga iri ɗaya, kafin kofi ya huce sun gama. Hettie za ta ajiye maka lambarsu kusa da farantinka. Ka ɗora kofinka a kai.

A wurinmu ana cewa manomi ba ya rasa dabara, kuma wannan magana ta karya ƙafafu fiye da dawakai. Duk da haka ka riƙe ta. In motar masu aikin ta shigo gonarka, kafin Lahadi duk coci ta ji cewa ɗan marigayi Oom Gideon, wato ni, ya kira 'yan birni su ɗauke masa akwatin ubansa. Za a gaishe ka da murya ƙasa-ƙasa, irin gaisuwar da ake yi wa wanda aka sallamo daga asibiti.

Mataki na uku: Ka auna da ido

Ka tsaya a bakin ƙofar ɗakin, ka kalli akwatin, ka kalli ƙofar, ka kanne ido ɗaya. Akwatin babana na ƙarfe ne, ya kai tsayina, kore ne, faɗinsa ya fi na firij, babu wanda ya san nauyinsa domin babu wanda ya taɓa ɗaga shi a gabana. Na ware hannuwa na auna faɗinsa, na tafi da hannuwan a ware zuwa ƙofa, na ga zai wuce har da ragi. Daga baya na gane hannuwa kan matso da juna a hanya in mutum yana son su matso.

Tef ɗin awo yana cikin aljihun tebur ɗin kicin. Ka bar shi a can, shi ba ya kawo labari mai daɗi.

Mataki na huɗu: Kada ka kwashe abin da ke ciki

Mai hankali zai ce a fara kwashe kaya don a rage nauyi. Mai hankalin bai zauna cikinmu ba. Na farko, doka ba ta yarda ka zube bindigogi a kan gado kamar kayan wanki ba, balle ranar da gida ke cike da maza. Na biyu, kuma shi ne na gaske, manomi ba ya faɗa wa maƙwabcinsa yawan tumakinsa, ba ya kuma buɗe akwatinsa a gabansa. Ko tambaya ba a yi, rashin tarbiyya ne.

Duk yankin nan an yi imani babana ya bar mini bindigogi goma sha biyu, har da wadda kakansa ya yi yaƙi da ita. Ni ban taɓa cewa haka ba, ban kuma taɓa musawa ba. Abin da ke ciki shi ne bindigar farauta ɗaya, da ta harbin tsuntsaye ɗaya da na yi shekara tara ban harba ba, da takardun rigakafin tumaki. Na duba na tabbatar babu harsashi a cikin ko ɗaya, na kulle, na rataya makullin a wuya a ƙarƙashin riga. Kai ma ka yi haka, mutuncinka ya fi bindiga biyu nauyi.

Mataki na biyar: Ka tara maƙwabta, amma ka riƙe ashana

Hannu da yawa maganin ƙazamar miya. Ranar Juma'a na kira mutum biyu. Na farko surukina Wimpie, ƙanin Hettie, wanda ya buga ƙwallon zari-ruga a makarantar sakandare shekara arba'in da suka wuce kuma har yau bai dawo daga filin ba. Na biyu Ntate Lebona, maƙwabcina na yamma mai kiwon shanu. A gonar nan ya girma, babansa ya yi wa babana aiki, yanzu shanunsa sun fi nawa kyau kuma yana da kirkin da ba ya faɗa.

Ba a biyan maƙwabci, nama ake gasa masa, kowa ya san wannan. Abin da ba a gaya maka shi ne kada ka kunna wutar sai an gama aiki. Ni na kunna da ƙarfe tara na safe, wai don garwashi ya yi kyau. To, namijin ƙasar nan ba ya iya wuce wuta. Wimpie ya fito daga a-kori-kurarsa, bai ko shiga gida ba ya tsaya a kanta yana gyara mini itace. Ya ce itacena ɗanye ne. Na ce bakinsa ne ɗanye. Muka yi awa biyu muna juya dogon tsiren nan namu na naman da aka cusa a hanji, da ake naɗewa kamar gammo, muna muhawara kan ruwan sama, har Hettie ta leƙo ta taga ta tambaya ko akwatin ne muke gasawa.

Mataki na shida: Ka yi kamar ba ka ji mai gaskiya ba

A kowace tawaga akwai mutum ɗaya da ya san abin da ake ciki. Aikinka shi ne ka yi magana da ƙarfi a kansa.

Da muka shiga ɗakin, Ntate Lebona bai taɓa akwatin ba. Ya cire hula, ya kalli ƙofar, ya shafa bangon da tafin hannu kamar mai gaisawa da tsohon aboki.

"Stoffel, ba zai fita ta nan ba."

"Na auna, Ntate."

"Ka auna, na yarda. Amma ni na kwaɓa simintin bangon nan, kai kana makarantar kwana. Da tarakta aka sauke akwatin a nan lokacin wurin baranda ne. Bayan ya zauna Oom Gideon ya ce a zagaye shi da bulo. Ya ce ɓarawon da ke son akwatin sai dai ya zo da gidan duka."

Wimpie ya ce tsofaffi suna son labari. Ya tofa yawu a tafin hannu, ya ce a zamaninsa ya ture maza uku a tare. Ni kuma na goyi bayan Wimpie, abin da ban taɓa yi ba tun ranar aurena.

Mataki na bakwai: Kusoshi

An ɗaure akwatin da bango da kusoshi, kamar yadda doka ta ce, don kada wani ya ɗauka. Ana kwance su ta ciki. Ka tuna ba za ka buɗe ba. Saboda haka ka ɗauko injin yankan ƙarfe ka zura ta baya, ka ce wa kowa ai haka ake yi yanzu. Labulen da tartsatsi ya kama, ka kashe shi da hular Wimpie.

Mataki na takwas: In ƙofa ta ƙi, ka tuna kai ne mai gidan

Mun ɗaga shi da jak ɗin mota, muka zura bututun ƙarfe huɗu a ƙarƙashinsa, muka tura. Ya tafi sumul har bakin ƙofa, ya tsaya. Saura faɗin tafin hannu. Muka cire ƙyaure, saura yatsu uku. Muka ɓamɓare katakon ƙofar, saura yatsa ɗaya. Wimpie ya ja da baya ya sa kafaɗa kamar yana filin wasa, aka ji ƙara, kuma ba daga akwatin ta fito ba. Daga nan zuwa yamma aikinsa ya koma ba da umarni daga kan kujera.

Na tsaya ina kallon yatsa ɗayan nan. Ƙarfe uku na rana ta yi, gobe Asabar. Bangon babana ne, shi ya ja igiyarsa, kuma ban taɓa canja ko ƙusa ɗaya da ya kafa a gidan nan ba. Na ji kunya, na kuma ji haushinsa, Allah ya jiƙansa, domin ko a kabari sai ya nuna mini ya fi ni dabara. Sai Ntate Lebona ya fita, ya dawo da guduma, ya miƙo mini.

"Ni na kwaɓa, kai ka rusa. Babanka bai san za ka yi jika ba."

Na rusa layi ɗaya na bulo daga sama har ƙasa. Ya fi yadda na zata sauƙi, kuma wannan ma ya ɗan ba ni haushi.

Mataki na tara: Ka yi hattara da lokacin da komai ke tafiya daidai

Gidanmu lungu ɗaya ne ya ratsa shi, ɗakunan kwana a baya, falo da kicin da ɗan ofishina a gaba. Ofishin ne masaukin akwatin, domin daɓensa siminti ne. Na lungun kuwa katako ne, tsoho, wanda Hettie ke gogewa da man itace duk Alhamis.

Akwatin ya fito lungu fuskarsa na kallon bango, ƙofarsa da mariƙinta a manne da fentin bangon. Ntate Lebona ya ce mu juya shi tun yanzu. Na ce a ofis za mu juya, ai taku goma ne. Muka riƙa turawa, bututun da ya fito ta baya mu mayar da shi gaba, har Wimpie ya fara rera waƙa daga kujerarsa. Na fara tsara yadda zan ba da labarin a ƙofar coci.

A taku na biyar katako ya yi wani ɗan kuka. Ashe gara ta daɗe tana cin gungumen da ke ƙasa ba tare da ta gaya wa kowa ba. Akwatin bai faɗi ba, da mutuncinsa ya sauka, a hankali, ya nutse har gwiwa ya zauna daram. Ƙura ta tashi, hoton aurenmu ya karkace. Muka gwada jak, jak ya bi shi ƙasa. Wimpie ya ce a zuro sarƙa ta ƙofar falo a ɗaura wa tarakta. Hettie, wadda ta fito daga kicin da cokali a hannu, ta ce duk wanda ya kawo tarakta kusa da falonta, da shi da taraktar za su kwana a rumfar tumaki.

Ga lissafinka yanzu: akwatin ya bar ɗaki, kamar yadda na yi alkawari. Yana tsakiyar lungu, samansa daidai ƙirjina, ƙofarsa manne da bango, makulli a wuyana ba shi da amfani. Tsakaninsa da ɗaya bangon akwai ɗan sararin da mutum zai bi a kaikaice in ya shanye ciki. Wimpie bai iya bi ba, ta taga muka fitar da shi.

Mataki na goma: Kada ka yi bayani

Matarka za ta tsaya tana kallon daɓenta. Kada ka ce ai gara ce. Kada ka ce ko ɓarawo ba zai iya ɗauka ba yanzu, na gwada, bai karɓu ba. Hettie ba ta yi faɗa ba, da ma faɗan ta yi. Ta ɗauko tsintsiya ta miƙo mini ta saman akwatin, ta ce gadon jaririn yana rumbu, yana bukatar wanki.

Mataki na ƙarshe: Asabar

Ina ɓangaren baya ina share ɓaraguzan bulo lokacin da na ji motarsu, da hantsi. Na so in fita in tarbe su a tsakar gida kamar mutum, amma kafin in shanye ciki in ratso, sun shigo falo. Na ji Hettie na kuka tana dariya, na ji muryar mijin yana gaishe ta da ladabi. Sai ga Elsabe a bakin lungu, da yaro a kafaɗa, ta tsaya cak.

Ta kalli akwatin. Ta kalli ramin da ya zauna a ciki. Ta leƙa ta samansa ta hango bangon da na rusa, da labulen da ya ƙone, da gadon jariri a daidai inda akwatin ya yi shekara hamsin. Mijinta yana bayanta, jakunkuna a hannu, bai ajiye su ba. Na san ma'anar rashin ajiyewar, kuma tsoro ya kama ni irin wanda ban ji ba ko ranar da ƙanƙara ta kwantar mini da gona guda. Ta ce a fitar daga ɗaki, na fitar, amma ga shi a tsakiyar gida inda kowa zai goge shi da ciki.

"Pa ne ya fasa bangon Oupa?"

Kakanta take nufi, babana. Na ce ni ne.

"Bindigogin suna ciki?"

"Suna ciki. Ba zai buɗu ba, 'yata. Ko ni ba zan iya buɗe shi ba."

Sannan ta juya a kaikaice za ta ratsa, ta ga ba za ta wuce da yaro a hannu ba. Ta ja baya, ta ɗago shi sama da hannu biyu.

"To Pa ya ajiye tsintsiyar mana. Pa ya karɓe shi."

Haka na fara riƙe jikana, ta saman akwatin babana, hannuwana duk ƙurar siminti. Ya fi yadda yake a waya nauyi. Ya kama gemuna ya ja, bai yi kuka ba, ni ne na kusa yi. Ta bayan uwarsa na ga mijin ya sunkuya ya ajiye jakunkunan.

Kwana goma sha ɗaya suka yi. Duk sanda Elsabe za ta kicin ko za ta dawo ɗaki, sai an sami wanda zai tsaya a ɗaya ɓangaren ya karɓi yaro, ni kuwa ban yi nisa da lungun nan ba, har tumaki suka fara mantawa da ni. A kwana na uku Wimpie ya kira ya ce ya samo wani da injin ɗaga kaya, gobe za su zo. Na ce masa Hettie ba ta son baƙi lokacin biki, ya bari sai sun tafi.

Gargaɗi

Marubucin wannan jagora ba zai ɗauki alhakin daɓe, bango, labule, kafaɗar suruki ko shirun mata ba. Duk wanda ya bi matakan nan ya bi ne da ƙafarsa, kuma in ya samu kansa yana fita daga gidansa ta taga, kada ya ambaci sunana a coci. Masu tambaya ko akwatin na nan har yanzu, su sani wannan ba irin tambayar da ake yi wa manomi ba ce. Abin da zan iya faɗa kawai shi ne Elsabe ta ce za su dawo hutun Ista, kuma yaron bai fara tafiya ba tukuna.